Musulmin Indiya sun adana Iƙbal, mu ina muka ajiye namu? Waƙoƙin addini a Maruwa da Garwa

A shekarar 1983 kamfanin ɗab'i na Brill da ke birnin Leiden a ƙasar Holan ya buga wani littafi na waƙoƙin addinin Musulunci da aka tattara a Maruwa. Waƙoƙin na Fulatanci ne, an rubuta su da haruffan boko, an kuma fassara su da Faransanci. Wanda ya yi aikin, Johannes Haafkens, ba modibbo ba ne ba kuma goni ba. Fasto ne ɗan Holan da ya yi zama a arewacin Kamaru. Yau sama da shekara 40 ke nan, amma duk ɗalibin da zai yi bincike a kan waƙoƙin addini na Maruwa, wannan littafi na cikin abubuwan da zai fara nema. Jikokin waɗanda suka rera waƙoƙin kuwa, da yawansu ba su ma san da shi ba.

A daidai wannan lokaci, duba wayar matashi a Domayo ko Dugoi a Maruwa, ko a Rumde Ajiya a Garwa, musamman a watan Maulidi. Cikin abubuwan da ake turawa ta WhatsApp da TikTok ba ka rasa yabon Annabi (SAW) da harshen Urdu, wanda mutanen Indiya da Pakistan ke kira na'at. Yaro bai san ma'anar baitin ba, amma kunnensa na tsintar kalmomi irin su duniya, imani, du'a da Madina, sai ya ji abin kamar nasa. Ba laifi ba ne. Tambayar dai ita ce: ta yaya waƙar da aka rubuta a Lahore ta iso wayar ɗan Maruwa, alhali wadda kakansa ya rubuta da tawada da alƙalamin kara tana cikin akwati a ƙuryar ɗaki, gara na yi mata ɗauki ɗai-ɗai?

Al'ummar da mulki ya suɓuce mata

Urdu harshe ne da ya girma a arewacin Indiya. Gininsa na Indiya ne, amma ya kwashi kalmomi masu yawa daga Farisanci da Larabci, kuma da haruffan Larabci ake rubuta shi. In mun faɗa da bakinmu, Urdu ajami ne da ya samu gata.

Musulmi sun daɗe suna mulki a Indiya, duk da cewa su ne marasa rinjaye. A 1857 aka yi wa Turawan Ingila babban bore, suka murƙushe shi, suka kama sarkin daular Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, wanda shi kansa mawaƙi ne. Suka kai shi gudun hijirar dole a Rangun ta ƙasar Bama, can ya rasu a 1862. Fada ta watse, Ingilishi ya zama harshen neman aiki, Musulmi suka wayi gari ba sarauta, ba rinjaye, ba kuma ilimin zamani.

A cikin wannan hali ne Altaf Husain Hali, mutumin Panipat kuma almajirin shahararren mawaƙi Galib, ya fitar da doguwar waƙarsa a 1879, bisa ƙarfafawar Sayyid Ahmad Khan wanda ya kafa kwalejin Aligarh. Ana kiran waƙar Musaddas saboda kowane baiti ɗango shida gare shi. Jigonta shi ne cikar kogin Musulunci da janyewarsa: yadda Larabawa suke kafin zuwan Manzo, yadda Musulmi suka kai ƙololuwa a ilimi, da yadda na zamaninsa suka koma baya. Hali bai tsaya zagin Bature ba. Malamai, masu kuɗi, 'ya'yan sarauta har da mawaƙa 'yan uwansa, kowa ya sha nasa rabon. Kuma ya yi ta da harshe mai sauƙi, don mai talla da matar aure su fahimta.

Bayansa sai Muhammad Iƙbal, wanda aka haifa a Sialkot a 1877. Ya yi karatu a Kambirij ta Ingila, ya samu digirin dakta a Munik ta Jamus, ya dawo Lahore yana aikin lauya. Kafin yaƙin duniya na farko ya rera wata waƙa a bainar jama'a mai suna Shikwa, wato kai kuka. A cikinta Musulmi ne ke kai ƙorafi gaban Ubangijinsa a kan dalilin da ya sa masu sujada ke cikin ƙasƙanci, wasu kuma na cikin ni'ima. Wasu malamai suka ga ya wuce gona da iri. A 1913 sai ya fito da Jawab-e-Shikwa, amsar kukan, inda laifin ya dawo kan Musulmi kansu: sun bar aiki, sun rarrabu, sun riƙe suna sun saki hali. A 1933 ya ziyarci tsohon masallacin Ƙurɗuba a Andalus, ya yi masa waƙar da har yau ake ƙirgawa cikin mafi girman abin da aka rubuta da Urdu. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1938, kabarinsa na gefen masallacin Badshahi a Lahore.

Waƙoƙin nan ba su tsaya a Indiya ba. Wani malamin Masar, Sawi Sha'alan, ya mayar da sassan Shikwa da amsarta zuwa Larabci, Ummu Kulsum ta rera su a 1967 da sunan Hadisur Ruhi. Nusrat Fateh Ali Khan shi ma ya rera su da salon ƙawwali. Akwai kuma wata gajeriyar addu'a da Iƙbal ya tsara wa yara, wadda ɗalibai a makarantu da dama na Pakistan da Indiya ke rerawa da safe kafin shiga aji. Mai karatu ya riƙe wannan batu na yara, za mu dawo kansa.

Tuta da waƙa tare suka zo

Abin da Hali ya yi a 1879, wato koyar da addini da gyaran hali ta hanyar waƙa da harshen gida, an riga an yi shi a ƙasar Hausa tun kafin a haife shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, littattafansa na malamai da Larabci ya rubuta su. Amma da zai yi magana da makiyayi da manomi da tsohuwa, sai ya koma waƙa, akasari da Fulatanci. Ƙanensa Abdullahi ya yi waƙa da Larabci da harsunan gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa su ɗauki karatu a waƙe su kai wa matan ƙauyuka. Ɗansa Isa ya fassara waƙoƙi daga Fulatanci zuwa Hausa, ya yi wa wasu tahamisi.

Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu ya dawo ƙasar da ake kira Fombina, wato kudu da Fulatanci, waƙoƙin nan sun biyo shi. Ya kafa Yola a 1841, kuma lamidodin Garwa, Maruwa, Ngaundere, Rai, Mindif da Bogo duk a ƙarƙashin wannan tuta suka ginu. A lokacin babu wata iyaka tsakanin Yola da Garwa, kogin Binuwai ɗaya ne ya haɗa su. Malami kan tashi daga Sakkwato ko Gwandu da gafakarsa da niyyar aikin hajji ta gabas, ya yada zango a Adamawa, zangon ya zama gida. Haka Modibbo Raji ya yi. Ya baro Gwandu ya zauna a Yola, ya yaɗa ɗariƙar Tijjaniyya, ya bar waƙoƙin Fulatanci da aka yi ta kwafa.

Waɗannan rubutattun waƙoƙi, da ake kira gime da Fulatanci, su ne makarantar wanda bai yi nisa a makaranta ba. A cikinsu ake koyon siffofin Allah, farillan alwala da na salla, hukuncin azumi, tarihin Annabi daga haihuwa zuwa wafati, bayanin mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama. Mace tana daka tana rerawa. Makaho yana bin ƙofa-ƙofa da sandarsa yana rerawa, a ba shi sadaka, shi kuma ya bar wa gidan darasi. Duk wanda ya san yadda makafi suka yaɗa Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya a ƙasar Hausa, ya san irin aikin da ake nufi. A saman wannan kuma akwai na Larabci da ake raya dararen Maulidi da su: Ishiriniya ta Alfazazi mutumin Andalus, Burda ta Busiri na Masar, daga baya kuma diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha.

Abin mamaki, in ka ɗora waƙar Urdu kusa da ta Hausa ko ta Fulatanci, sai ka ga 'yan gida ɗaya ne. Dukansu karinsu daga arulin Larabci ya samo asali, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra. Urdu ta karɓe shi ta hannun Farisanci, mu muka karɓa kai tsaye daga malamai. Su suna da musaddas mai ɗango shida, mu muna da tahamisi da ƙwar biyar. Mawaƙin Urdu kan saka laƙabinsa a baitin ƙarshe, namu ma kan rufe da faɗin sunansa da neman addu'a. Su kan ɓoye shekarar da aka yi abu cikin lissafin haruffa, mu ma muna da ramzi. Ba wanda ya kwaikwayi wani. Rijiya ɗaya aka sha.

Da Nasara suka iso

A watan Satumba na 1901 Turawan Ingila suka ci Yola. Lamido Zubairu ya fice ya nufo gabas, inda ya tarar da Jamusawa. Suka kara a Garwa, sannan a watan Janairu na 1902 aka yi babban gumurzu a Maruwa, sojojin Hans Dominik suka buɗe wa mahaya wuta da bindiga mai ruwa. A 1903 Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Kafin duk wannan, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya riga ya kafa sansaninsa a Balda, kusa da Maruwa, yana kira ga bin Mahadin Sudan. A 1907 aka sake tayar wa Jamusawa da ƙayar baya da sunan Mahadi a yankunan Maruwa da Garwa. Jamusawan su ma ba su daɗe ba: Garwa ta faɗa hannun Ingila da Faransa a 1915, dutsen Mura ya miƙa wuya a 1916, Faransa ta gaji ƙasar.

Wato abin da ya sami Musulmin Delhi a 1857 ya sami na Maruwa a 1902. Tambayar da ta dami Iƙbal ita ta dami malaman nan: me muka yi har Allah Ya ɗora mana waɗannan mutane? Su ma a waƙa suka amsa. Akwai waƙar Hausa a kan zuwan Annasara da ake jingina wa Sarkin Musulmi Attahiru. Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga da Kete Karachi ta ƙasar Gana ta yanzu, ya yi nasa waƙoƙin a kan wannan batu.

A yankin Diyamare, inda Maruwa take, akwai kuma wani salo na musamman da ake kira mbooku. Wannan ba a rubuce yake ba, a ka ake riƙe shi. Ƙungiyar maza ce ke rerawa, jagora na bayarwa sauran na amsawa, babu ganga babu goge. Masu mbooku sun adana labarin sarakuna da malamai, na yunwa, na zuwan Nasara da lalacewar zamani. Abin da littafin tarihin makaranta bai faɗa wa yaro ba game da ranar da dawakin Maruwa suka fuskanci bindiga, a bakin waɗannan dattawa yake.

Su wa suka rubuta wannan gado? Bafaranshe Pierre-Francis Lacroix ya buga kundi biyu na waƙoƙin Fulanin Adamawa a Faris a 1965. Bajapane Paul Kazuhisa Eguchi ya shafe shekaru yana zuwa Maruwa, ya rubuta waƙoƙin mbooku da tatsuniyoyi. Bajamushe Veit Erlmann ya yi nazarin mawaƙan Diyamare. Daga 'yan gida, Umaru Dalil ya fitar da littafi a kan mbooku a 1988, shi kuma Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa wanda ya rasu a 2004, ya bi fada-fada yana naɗar tarihin lamidodi. Allah Ya saka wa kowa gwargwadon aikinsa. Sai dai akasarin littattafan nan a Turai da Japan aka buga su, da harsunan da tsohuwar da ta haddace waƙar ba ta ji, da kuma tsadar da malamin zaure ba zai iya ba.

Bahaushe a tsakiya

A nan ne lamarin ya fi shafar mai karanta wannan shafi. Hausawa sun shigo ƙasar nan a matsayin fatake masu goro da fata da tufafi, da malamai, da mahauta, da maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanya. Sun kafa unguwanni, kamar Hausare a Garwa, har zuwa Birkitiri a Yawunde da Niyu Bel a Duwala. A kudancin Kamaru duk wanda ya sa doguwar riga da hula, Bahaushe ake ce masa, ko Bafulatani ne ko Bakotoko. A arewa kuwa Fulatanci ne harshen kasuwa da na fada, har Bagiziga da Bamafa da shi suke ciniki. Gidaje da yawa masu asalin Kano ko Katsina a Garwa da Maruwa, jikokinsu Fulatanci ya fi zama a bakinsu.

Saboda haka Bahaushen Kamaru ƙarami ne sau biyu: Musulmi ba su ne masu rinjaye a ƙasar ba, shi kuma ba shi ne mai rinjaye cikin Musulmin ba. Yaronsa na tashi da harshe huɗu a rana guda. Hausa a gaban inna, Fulatanci a layi, Faransanci a lekkol, Larabci a makarantar allo. Wannan arziki ne babba. Amma cikin huɗun nan guda ɗaya kaɗai ake ba da takardar shaida a kansa, kuma ba da shi kakanninsa suka yi waƙa ba.

Inda hanya ta rabu

To me ya sa tasu ta rayu, tamu ta shiga akwati? Ba don tasu ta fi daɗi ba ne. Dalilan a fili suke.

Na farko, Urdu ba ta saki rubutunta ba. Tun ƙarni na 19 aka riƙa buga littattafai da jaridu da ita ta hanyar ɗab'in dutse, inda magatakarda ke rubutawa da hannu a buga dubbai. Jaridun Pakistan da hannu ake rubuta su har zuwa 1981, lokacin da Ahmad Mirza Jamil ya shigar da salon rubutunsu na nasta'aliƙ cikin kwamfuta. Mu kuwa, Turawan Ingila sun zaɓi boko a Nijeriya, amma aƙalla sun bar Hausa a aji, aka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka samu kamfanin Gaskiya a Zariya da ya buga su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Namangi. Faransa ba ta yi ko wannan ba. A makarantarta Faransanci ne kawai. Bahaushen Kamaru da Bafulataninsa sai suka tashi a tutar babu: ajami bai shiga injin ɗab'i ba, bokon harshensu kuma ba a koyar da shi ba. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya daidaita haruffan boko na Hausa da Fulatanci, Kamaru ta fitar da nata tsarin haruffa na harsunan ƙasa a 1979, tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare harsunan gida. Amma daga takarda zuwa allon aji tafiya ce mai nisa.

Na biyu, suna da dandali. Musha'ira taro ne da mawaƙa ke karanta waƙoƙinsu a gaban jama'a, wani lokaci har asuba, masu sauraro na yabawa baiti-baiti. Mu ma muna da taron Maulidi da na saukar Alƙur'ani da walima, sai dai yanzu lasifika da waƙoƙin situdiyo na Kano sun cika filin. Sha'irai irin su marigayi Fadar Bege sun samu karɓuwa har nan, kuma sun cancanta. Tun kafin su ma, 'yan ƙungiyar Ushaƙu Indiya a Kano suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Annabi a kai. Amma tsohon da ya haddace waƙar tauhidi mai baiti ɗari, wa ke miƙa masa makirfo?

Na uku, sun sa wa yara a baki. Yaron da ya rera addu'ar Iƙbal kowace safiya shekara shida, ko ya zama injiniya a Dubai ba zai manta ba.

Na huɗu, da suka ga matasan Indiya da yawa ba sa iya karanta haruffan Urdu, ba su tsaya kuka ba. A 2013 wani ɗan kasuwa mai suna Sanjiv Saraf, wanda ba Musulmi ba ne, ya buɗe shafin intanet na Rekhta. Kowace waƙa ana iya karanta ta da rubutu uku: na Urdu, na Hindi da na boko, kuma in ka taɓa kalma sai ma'anarta ta fito. Ga mu nan da irin matsalarsu sak. Yaronmu ya iya karatun Alƙur'ani da rubutun Warshu, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, amma ba a taɓa nuna masa cewa da haruffan nan ana rubuta harshen uwarsa ba.

Abin da za a rasa

Wani zai ce ai waƙa ce kawai, Alƙur'ani da hadisi na nan. Gaskiya ne, kuma babu mai haɗa su. Amma a tuna halin da jihar Arewa Mai Nisa ta shiga. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako, garuruwa irin su Fotokol, Kolofata da Amcide sun ga tashin hankali, Maruwa kanta ta sha hare-haren ƙunar baƙin wake a watan Yulin 2015, sansanin Minawawo ya cika da 'yan gudun hijira. Masu ɗaukar yaran mutane suna fara wa ne da gaya musu cewa iyayensu ba su san addini ba, sai yanzu aka kawo shi. Yaron da ya san cewa shekara 200 da suka wuce wata mace a Sakkwato ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe, kuma kakarsa ta haddace hukuncin salla a baitoci, ba a saurin sayar masa da wannan magana. Haka kuma wanda ke kallon duk mai rawani a matsayin abin tsoro, waƙoƙin nan hujja ce a kansa cewa Musuluncin yankin nan na alƙalami ne tun asali.

Akwai kuma gefen da bai kamata a rufe ba. Waƙar da ke tayar da al'umma tana iya zama makami. Iƙbal ne a jawabinsa na Allahabad a 1930 ya kawo shawarar Musulmin arewa maso yammacin Indiya su samu yankinsu, kuma rabuwar 1947 ta zo da zubar da jini mai yawa da ƙaurar miliyoyin mutane. A nan ma, kafin Fulani Giziga ne ke Maruwa, kuma zamanin lamidodi ya haɗa da hare-hare da bauta da maƙwabtanmu Mafa, Mundang, Tupuri da Fali ba su manta ba. Wasu tsofaffin baitoci na ɗauke da harshen wancan zamani. Adana su na nufin a karanta su da ilimi, a san wanne ne darasi na har abada, wanne ne kuma na lokacinsa. Batun saɓanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan wasu kalaman yabo shi ma sananne ne. Sai dai kaso mai yawa na gadon nan wa'azi ne da fiƙihu da tarihin Annabi, waɗanda babu ɓangaren da ke jayayya da su.

Lokaci kuma ba ya jira. Takarda na tsoron abu uku: gara, gobara da ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a yankin Garwa, ko ta 2024 a Yaguwa, ya san abin da dare ɗaya ke yi wa ɗakin ƙasa. Wanda ke ka kuwa, ranar da aka kai mai shi makwanci shi ke nan.

Aikin da ke hannunmu

Kayan aikin duk suna nan. Jami'ar Maruwa ta buɗe tun 2008, ta Ngaundere ta girme ta, an kuma kafa ta Garwa a 2022. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga shi a unguwarsu. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hotunan dubban shafukan ajami na Afirka ta Yamma ta zuba a intanet, Gidan Arewa da ke Kaduna na adana irinsu, akwai kuma haruffan kwamfuta kyauta irin su Alkalami da Harmattan da aka tsara don rubutun ajami. Tashoshin CRTV na Garwa da Maruwa da gidajen rediyon al'umma suna da shirye-shirye da harsunan gida, minti 15 a mako ya isa a rera waƙa ɗaya a yi sharhinta. Makarantun Faransanci da Larabci da na Islamiyya za su iya buɗe safiya da baiti biyar na Hausa ko Fulatanci, kamar yadda ake yi a Lahore.

Amma mafi sauƙi shi ne wanda ba ya bukatar izinin kowa. In akwai akwatin takardun Malam a gidanku, a nemi yardar manya a buɗe shi da rana, a kakkaɓe, a ɗauki hoton kowane shafi da waya bi da bi ba tare da an hargitsa jerinsu ba, domin takardun ba ɗinke suke ba, kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. A mayar da su wuri busasshe, sama da ƙasa. In akwai Hajiya ko Inna da ke rera waƙar wa'azi in tana tsintar shinkafa, a zauna kusa da ita a ce, "Inna, don Allah maimaita mini daga farko," a danna naɗi. A tambaye ta wa ya koya mata, a ina, tana da shekara nawa a lokacin. A rubuta da ajami, a rubuta da boko, a tura wa 'yan uwa na Yawunde da Duwala da Njamena.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A ci gaba da sauraron na'at na Urdu, yabon Manzo ba shi da iyakar ƙasa. Amma Maulidin bana, kafin a kunna lasifika, a ba dattijon unguwa minti goma ya rera abin da ya gada.